Gafirin Ƙofar Ruwa da Gurub ɗin Bashmuhandis

Wani ne a wani ƙauyen Hausawa can gefen Hasahisa, a ƙasar Sudan. Kada ku tambaye ni sunansa, don yana nan da ransa, kuma sandarsa ta fi tawa tsawo. Gafiri ne, wato mai tsaron ƙofar ruwa. Inda tur'a, babban magudanar ruwan noma, ta rabu ta nufi gonaki akwai wata ƙofar ƙarfe, a murɗa ta ɗaga ruwa ya wuce, a murɗa ta sauka ruwa ya tsaya. To makullin murɗawar, wani ƙaton ƙarfe mai tsawon kamu guda, shekara ashirin da uku yana ɗaure da igiya a ƙugun mutumin nan. Da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa jana'iza. Matarsa Bilkisu ta ce da shi ma yake kwana, amma wannan ban gani da idona ba.

Aikin ba wani abin kirki yake kawowa ba, sai dai gida. Ɗaki biyu na ƙasa a bakin tur'a, da garken awaki, da 'yar kuɓewar da Bilkisu ta shuka a bayan ɗaki. Gidan kuwa na ofishin ban-ruwa ne. Ranar da aka karɓe makulli, ranar za a naɗe tabarmi. Mutumin ya san haka, Bilkisu ta fi shi sani.

Da can da baki ake aiki. Tsohon injiniya in yana son a buɗe ruwa sai ya hau babur ya zo, a shimfiɗa masa tabarma, a dafa masa jabana, wato gahawa, a tambayi lafiyar kowa har ta awaki. Sai ya miƙe zai tafi ya ce, "Au, gobe ka ɗaga kaɗan." In kuma ƙyuya ta kama shi, ya gaya wa mai tallan nono, ita ta gaya wa mai keken jaki, shi ya gaya wa wanzami. Kafin saƙo ya iso ya yi ƙiba. Kaɗan ya zama duka, gobe ta zama yanzu-yanzu. Haka dai ake lallaɓawa, kuma ba wanda ya mutu.

Sai aka kawo sabon injiniya, Adam. Ɗan garin ne, kowa ya san uwarsa, amma ya yi karatu a birnin Madani ya dawo da gilashi da takalmi mai santsi, Hausar tasa kuma rabinta ta koma Larabci. Yanzu ba mai ce masa Adam, sai Bashmuhandis, wato babban injiniya. Sati biyu da zuwansa, wanzami ya gaya wa mutuminku cewa an ce Bashmuhandis ya ce a buɗe. Ya buɗe. Ruwa ya kwana a kan alkamar da aka gama shukawa, iri ya ruɓe a gonar mutum uku.

Washegari Bashmuhandis ya tara manoma a gindin dogon yaro, ya tsayar da gafiri a tsakiya.

Ya ce, "Ya Baba, wa ya ce ka buɗe?"

"Kai kac ce, Bashmuhandis."

"Ni? Na gan ka jiya?"

"A'a. Amma wanzami ya ce mai keken jaki ya ce..."

"Halas! Ya isa! Daga yau babu aiki da baki. Na buɗe gurub a waya, manoma arba'in da ni da kai. Ba ka ɗaga ƙofa, ba ka sauke ƙofa, sai ka ga saƙo ya fito a gurub da sunana a kai. Ko wa ya zo maka da maganar baki, ka ce ba ka ji ba. Mafhum? Ka gane?"

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Ko liman?"

"Ko liman."

"Ko kai?"

Aka kwashe da dariya. Shi kuma Bashmuhandis da ya ga ana dariya sai kansa ya kumbura, ya gyara gilashi ya ce, "Ko ni! Kuma wallahi in ka sake taɓa makullin nan da maganar baki, ranar za ka miƙo shi, ku bar gidan ofis kai da iyalinka."

Kai, maganar nan ta shige shi har ƙashi. Ya koma gida ko tuwo bai iya ci ba. Bilkisu ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka dai ji. Ni ba inda za ni da tsufana in ɗauki awaki ina yawon neman ɗaki." Ya dafa makulli ya rantse mata da duk abin da ya sani.

Ofis ya ba shi waya. Maƙwabcinsa Mahadi, wani manomi mai ɗan karatu, shi ya koya masa. Ya ce, "Ka danne nan, ka yi magana, ka saki. Shi kenan kowa ya ji." Matsalar ita ce shabaka, wato sabis ɗin waya. A cikin gari tana kamawa, amma a duk bakin tur'a ba ta kamawa sai a kan wani tudun laka da motar yashe tur'a ta tara a gefen ƙofa. Sai ka hau can ka ɗaga hannu sama tukuna waya ta farfaɗo.

Rana ta uku mutuminku ya samu abin faɗa. Ya hau tudu, ya gyara murya, ya danne.

"Salamu alaikum. Bashmuhandis ina kwana? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya Hajja mahaifiyarka, ƙafar tata ta yi sauƙi? Madalla. Mahadi ina kwana? Ina iyali? Yaron da munka yi wa aski ya warke?"

Wallahi ba ƙari nake ba, mutum arba'in ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da iyalinsa. Yana tambaya yana ɗan dakatawa yana amsa wa kansa da "madalla". Minti goma sha ɗaya. A can ƙarshe, da murya ta fara dushewa, ya ce, "Dama saniyar Ruqaya ce ta faɗa tur'a. Amma ina jin yanzu ta kai garin gaba."

Ruqaya ba ta ji saƙon ba sai bayan la'asar, don ta gaji a wajen gaisuwa ta goma sha bakwai ta ajiye waya. Allah ya so saniyar ta iya iyo.

Bashmuhandis ya saki doka ta biyu: babu gaisuwa a gurub, saƙo kada ya wuce numfashi guda.

Wannan kam ta fi ta farko yi wa mutumin zafi. Ya ce wa Bilkisu, "Ni ɗan wa ne da zan faɗa wa mutane da magana ba sallama kamar ɓarawo? Mi za a ce da ni a garin ga?" Ya kwana biyu yana tunani, ya samo dabara. In ya tura saƙo, sai ya sauko daga tudu ya ɗaura wa jaki akumari, ya bi gida-gida.

"Salamu alaikum! Na turo saƙo ɗazu, ga gaisuwarshi na kawo."

A ce, "To bismilla. Mi ke cikin saƙon?"

Ya ce, "Ka duba waya. Ni gaisuwa kawai na kawo."

Daga nan abin ya zame masa ibada. Mahadi zai zo su zauna a tabarma ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, suna shan jabana. Mahadi ya ce, "Yaushe za a ba mu ruwa ne?" Sai mutumin ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye.

"Da kai nake."

"Ban ji ba."

Dole Mahadi ya tashi ya hau tudu ya tura. Yana saukowa shi kuma gogan ya hau, ya kara waya a kunne ya saurara da kyau, ya danne ya ce, "Ban sani ba," ya sauko ya ci gaba da shan jabanarsa. Mutum ɗaya ce ba ta ɗauki wannan iskanci ba. Ran nan Bilkisu ta kira shi cin abinci ya ce bai ji ba, ta ce, "To tuwo a akushi ya fito, ba a gurub ba. In ka ga dama kada ka ji." Wannan kam ya ji.

Manoma suna ta ƙorafi, amma Bashmuhandis daɗi kamar ya kashe shi. Har ya rubuta a gurub cewa kowa ya yi koyi da gafiri, ya manna masa hoton babban yatsa. Mutumin ya bi gari yana nuna wa mutane yatsan, har da wanzami.

Wata Talata da sassafe saƙo ya fito, da sunan Bashmuhandis ƙarara a kai: "Ɗaga ƙofa duka. Ina tafe da baƙi daga babban ofis, ina son su ga tur'a cike."

Mutumin ya sa Mahadi ya karanta masa sau biyu, shi ma ya duba sunan da ɗan karatun allonsa. Ya kwance makulli ya murɗa har ƙofa ta ƙure. Ruwa ya taho da ƙarfinsa. Zuwa hantsi, wani waje da ɓeraye suka daɗe suna haƙa a jikin gaɓa ya ce shi ya gaji. Gaɓa ta fashe. Ruwa ya tsallake hanya ya miƙe sai gonar Hajja Hindu, wata dattijuwa da ta cire albasarta ta shanya a fili. Wahalar shekara guda kenan a baje a ƙasa.

Mutumin ya gani da idonsa. Ya ruga tudu ya danne ya ce, "Gaɓa ta fashe." Ko sallama babu, doka ce. Ya tsaya yana jiran amsa. Shiru. Bashmuhandis yana kan hanya yana tuƙi, yana ba baƙi labarin yadda ya gyara aiki, har ya sa lambar babbansu a gurub don ya ga tsari da idonsa.

Ni dai ban ga laifin zuciyar mutumin nan ba. Tausayin Hajja Hindu ya kama shi sosai, har ƙwalla ta taru. Ya kai hannu ga makulli, ya tuna ɗaki biyu da awaki da fuskar Bilkisu, ya janye hannun. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Albasa kuwa ta fara tashi ɗaya-ɗaya tana bin ruwa.

Can sai ga motar Bashmuhandis, da baƙi biyu cikin fararen jallabiyoyi. Tana isowa ƙafafunta suka nutse a laka, ta tsaya cak. Bashmuhandis ya diro yana ihu.

"Rufe! Rufe ƙofa!"

Mutumin ya duba waya ya ce, "Ba abin da ya shigo."

"Ga ni a gabanka! Ni ne!"

"Na gan ka sarai, Bashmuhandis. Barka da zuwa. Yaya hanya? Baƙi sannunku da zuwa."

"Ya zol! Kai mutumi, rufe ƙofar nan!"

Mutumin ya yi wani murmushi irin na wanda ya gano tarko. Ya ce, "Haba Bashmuhandis. Ka ɗauko manya tun daga babban ofis don ku ga ko zan taɓa makulli da maganar baki? Na gane jarrabawa ce. Ku rubuta na ci."

Babban baƙon ya leƙo ta tagar mota ya gyaɗa kai ya ce, "Masha Allah. Nizam. Wannan shi ne tsari."

Bashmuhandis ya ciro wayarsa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa na gafiri, ya danne, ya kwarma ihu, "Rufe ƙofa yanzu!" Ya saki. Saƙo ya tsaya yana juyi, babu shabaka.

Ya ce, "Ka dai ji ai!"

"Ji kam na ji. Isowa ne bai iso ba."

Bashmuhandis ya nufi tudu da gudu. To tudun laka ne, ga ruwa ya jiƙa gindinsa, ga takalmin Madani. Taku uku ya yi, na huɗu ƙafafu suka yi sama. Waya ta tashi ta yi juyi biyu a iska, sai tsundum a tsakiyar tur'a.

Mutumin ya dafa kai ya ce, "Innalillahi! Yanzu kam sai an jira."

"A jira me?"

"Ka sayi wata."

Bashmuhandis ya fizge wayar gafiri, ya hau tudu da rarrafe, hannu da gwiwa, ya rubuta a gurub, "Rufe ƙofa yanzu." Wannan karon saƙo ya tafi. Ya zamo ƙasa da gindi, ya tura wa mutumin waya a fuska.

"Ga shi! Ya fito a gurub! Rufe!"

Mutumin ya karɓa, ya nisanta ta da ido, ya bi sunan da ke kai harafi-harafi. Ya mayar masa da wayar.

"Wanga ai sunana ne a kai."

"To wayarka ce mana!"

"Shi ne na ce. Ni zan ce wa kaina in rufe? Ni wa? Gafiri ba shi ba gafiri oda, Bashmuhandis. Sai da sunanka, haka kac ce a gaban mutum arba'in."

Sai Bashmuhandis ya cakumi makullin zai ƙwace. Ina! Ƙullin shekara ashirin da uku ne. Yana ja, mutumin yana biyo shi, suka riƙa juyi a cikin laka kamar masu rawar biki, shi yana zagi da Larabci, gogan yana cewa, "Ku shaida, shi ke ja, ba ni ba!" Manoma sun fara taruwa, wasu sun hau tudu don kallo ya fi daɗi daga can.

Ana cikin haka sai ga Hajja Hindu, ta ɗaure zani a ƙugu, da lauje a hannu, laka har gwiwa. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta ture Bashmuhandis gefe, ta sa lauje ta datse igiyar, ta ɗauki makulli.

Mutumin ya ce, "Hajja, sai ya fito a..."

Ta ce, "Rufe min baki! Ni ba ni da waya, ba ni cikin gurub ɗinku na tsiya. Ruqaya, zo ki kama mini!"

Mata biyu suka murɗa ƙofa har ta sauka. Ruwa ya tsaya. Rabin albasa ya riga ya yi gaba, rabi ya tsira. Mutumin ya ɗaga hannu biyu sama ya juya ga baƙi ya ce, "Manya, kun dai gani. Ban taɓa ba."

Bashmuhandis yana tsaye, laka har kan gilashi, takalmi ɗaya ya ɓace. Ƙaramin baƙon ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗarsa sai rawa take. Abin ya kai wa Bashmuhandis wuya. Ya nuna gafiri da yatsa ya ce, "Na kore ka! Ka ji? Na kore ka!"

Mutumin dai ya saci kallon wayar da ke hannun Bashmuhandis.

Bashmuhandis ya gane, ya ce, "Au, haka ne? To tsaya ka gani!"

Ya sake rarrafawa kan tudu. Nan fa mutuminku ya san ba wasa. Ya zauna daɓas a cikin laka. Bilkisu da ta fito tun ɗazu ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Shi kenan, ya kashe mu." Bashmuhandis ya rubuta da ƙarfi kamar zai huda waya: "An kore ka daga aiki. Ka miƙa makulli yau, kada a sake ganin ƙafarka a bakin tur'a." Ya tura, ya sauko yana huci.

Wayoyin da ke kan tudu suka yi ƙara a tare. Mahadi ya duba tasa, ya ƙara dubawa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, ku saurara in karanto muku gurub daga safe. Bashmuhandis ya ce: ɗaga ƙofa duka. Gafiri ya ce: gaɓa ta fashe. Gafiri ya ce: rufe ƙofa yanzu. Gafiri ya ce: an kore ka daga aiki."

Mutumin ya ɗago daga cikin laka ya ce, "Wa ya ce?"

"Kai."

"Wa aka kora?"

Mahadi ya ce, "To ma'aikacin ofis nawa ne a gurub ɗin? Kai da shi. Kai kuma ka rubuta."

Kafin Bashmuhandis ya buɗe baki amsoshi sun fara zubowa daga waɗanda ke gida da kasuwa, waɗanda ba su ga komai ba sai rubutu. Wannan ya ce Allahu akbar. Wancan ya ce dama ya ishe mu. Wani ya ce gafiri namijin duniya ne. Wanzami, da shi ma manomi ne, ya turo murya yana cewa shi tun bara ya ji an ce za a yi haka. Ruqaya ta hau tudu ta danne ta rangaɗa guɗa ta numfashi guda. Babban baƙon nan ma ya taka a hankali ya hau, ya duba wayarsa, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya manna babban yatsa a ƙarƙashin saƙon.

Bashmuhandis ya ce, "La la la! Ni na rubuta! Ni ne na rubuta!"

Mahadi ya ce, "Da baki kake faɗa, Bashmuhandis."

Mutumin ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya karɓi makullinsa daga hannun Hajja Hindu ya soke a ƙugu. Ya tako a hankali ya zare wayarsa daga hannun Bashmuhandis, ya dafa masa kafaɗa, idonsa cike da tausayi na gaskiya.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Adam ɗana, wallahi ni ma ban san ina da zafi haka ba. Je ka gida ka yi wanka. In na huce zan duba maganarka."